Ranin da Kawu ya ɗora mini bindigar toka

A ranin 1988 alkama ce ke ci a yankin Kadawa. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da ita daga waje tun farkon 1987, kamfanonin fulawa suka shiga nema ido rufe, farashi ya ɗaga, duk mai fili a inda ruwan Tiga ke kaiwa sai ya zuba alkama. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikinsu. Gonarsa tana ƙasan wata ƙaramar kanal tsakanin Kura da Bunkure. Ni kuwa ina gida a Kumbotso, na gama sakandare, ba aikin fari ba na baƙi. Da alkama ta fid da kai ya aiko a ba shi yaron da zai taya shi korar tsuntsu, mahaifiyata ba ta yi shawara da ni ba. Ta ƙulle mini kaya a leda, ta sa ni a motar da ke bin hanyar Zariya, ta ce in gaishe shi.

Wanda bai taɓa tsaron alkama ba zai ɗauka korar tsuntsu wasan yara ne. Jan-baki ɗan mitsitsi ne, ka rufe shi a tafin hannunka ba a gani, amma masana sun ce a duk tsuntsayen daji na duniya babu mai yawansa. Lokacin da ya fi so shi ne sa'ad da ƙwayar take nono, ba ta bushe ba. Sukan zo da sanyin safiya, su koma da la'asar. Kafin ka gan su za ka ji su, wani shuu mai tsawo kamar mata suna sheƙar hatsi a masussuka, sai ka ga gefen gari ya yi duhu. Idan suka sauka a kan fegi ba mai tsaro, kafin ka sha koko ka dawo an bar maka ƙaiƙayi a tsaye. Don haka kowace gona tana da rumfar kara a kan dogayen turaku, da igiyoyi da aka ja ko'ina an rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki, da yara masu majajjawa da curin laka. Ihu ake yi tun asuba har murya ta dushe. Sai dai tsuntsun yana sabawa. Bayan 'yan kwanaki sai ka ja igiya su ɗan ɗaga su sake sauka a inda suke. Abu guda ne ba sa sabawa da shi, shi ne bindigar Kawu.

Tun daren da na iso na gan ta jingine a lungun ɗakinsa, bakinta a toshe da tsumma. Doguwa ce, ta kusa kai mini haɓa. Bututunta, kamar yadda ya gaya mini, daga sandar sitiyarin wata tsohuwar mota maƙeri ya fitar da shi. Gindinta itace ne da hannu ya goge har ya yi baƙi yana sheƙi, an naɗe wuyanta da jar fata, an ɗaura mata laya guda ƙarama. Mutanen garin bindigar toka suke ce mata, samari kuma su ce harba-ka-ruga.

Bari in faɗa maka abin da ke kaina a lokacin, domin ka gane irin yaron da aka miƙa wa wannan abu. Bindiga iri biyu na sani. Ta farko ta 'yan bindigar Sarki, waɗanda nake gani ranar Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, lokacin marigayi Sarki Ado Bayero, suna sakin wuta sama, hayaƙi ya turnuƙe, dawakai suna zabura, mu yara muna toshe kunne muna tsalle. Wannan tsohuwar al'ada ce. Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye dogarai masu bindiga a fada. Ta biyu kuwa ta fina-finan kaboyi da muke satar jiki mu gani a Plaza ko Eldorado, 'yar gajera mai juyi, mai cin harsashi shida, da jarumi ke zarowa daga ƙugu kafin ƙiftawar ido. A dukkan biyun abin da na gani shi ne ƙara da ado. Ban taɓa ganin wanda yake ɗurawa ba, ban taɓa tambayar me ake yi kafin ƙarar ba. Sai da na girma na karanta cewa ita kanta mai juyin, wadda Samuel Colt ya yi wa rajista a Amurka a 1836, da garin albarushi ake ɗura ta a farkon zamaninta, rami bayan rami, da irin hayaƙin tamu da irin jinkirinta. Har yau akwai kamfanoni a Italiya, irin su Uberti da Pietta, da ke ƙera kwafinta, masu sha'awa a Amurka da Turai suna saya suna harbin allo ranar hutu. Su nishaɗi suke nema. Kawu alkamarsa yake tsaro, wadda ya ci bashin taki a kanta.

Bai bar ni na harba ba da farko. Ɗauka kawai nake yi. Mu yi sallar asuba, ya rataya tandun albarushi a wuyansa, ni in saɓa bindiga, mu bi gaɓar kanal cikin hazo. Sanyin hunturu a bakin ruwa daban yake da na gari. Yana shiga ƙashi, ƙarfen kuma yana ƙona tafin hannu don sanyi. Bindigar tana da nauyi fiye da yadda ido ke gani, kuma nauyin duk a gaba yake, kafin mu isa kafaɗata ta yi tsami. Dokokinsa ba su da yawa, amma ba ya gajiya da maimaita su. Baki sama, ko da yaushe. Ba a tafiya da ita a ɗure. In za mu tsallake kanal a kan ɗan siririn dakalin siminti, sai ya fara hayewa, in miƙa masa ita ta gindi, sannan in biyo. In na juya don amsa gaisuwa bakinta ya ɗan karkato, ba ya tsawa, sai dai ya sa yatsa ɗaya ya ɗaga bututun ya ci gaba da tafiya.

Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin ɗaukarta. A Kumbotso ni ɗan aike ne, a nan kuwa dattijo a kan keke yakan rage gudu ya ce, "Barka da asuba, maharbi." Yaran da ke tsokanata da ɗan birni suka koma bina a baya. Tafiyata ma ta sauya, na ji haka a ƙafafuna.

Wata safiya muka haɗu da wata Bafulatana da ƙwaryar nono a ka, da 'yarta ƙarama tana biye. Gaɓar ba ta da faɗi, amma ta ishe mu mu gifta juna. Tun daga nesa da ta hango ni sai ta tsaya, ta kamo hannun yarinyar ta mai da ita bayanta, ta gangara cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa har laka ta kama mata ƙafa. Na ce, "Sannu Inna, ina kwana?" Ba ta amsa ba. Ba fuskata take kallo ba, abin da ke kafaɗata take kallo, yarinyar kuma tana leƙowa ta gefen zaninta. Sai da muka wuce da nisa na ji muryarta ƙasa-ƙasa tana amsa wa Kawu gaisuwa. Abin ya dame ni. Na ce, "Kawu, ai ba komai a ciki." Ya ce, "Ita ta ina za ta sani? Kai ma daga yau ka ɗauka akwai." A lokacin na ji haushin matar ne, na ga kamar ta ɗauke ni mugu. Ban gane cewa girman da dattijon nan ke ba ni da tsoron da ya gangarar da ita cikin laka tushensu ɗaya ba, kuma babu ko ɗaya da ya shafe ni ni kaina.

Ɗuri kuwa sai ka zauna ka gani. Kawu yakan kafa gindinta a ƙasa, ya karkatar da bakin nesa da fuskarsa, ya buɗe tandu ya auna albarushi a ɗan ƙaramin ma'auni, ba ya taɓa zubawa kai tsaye daga tandun. Garin baƙi ne, tsaki-tsaki, yana bin bututu da wata 'yar ƙara siririya. Sai ya yago tsumma ya cusa, ya zaro ƙarfen da ke kwance a ƙarƙashin bututun ya danna, a hankali, yana sauraro da hannunsa har ya ji ya zauna. Ya riƙe ƙarfen da yatsu biyu ta gefe, tafinsa ba ya hawa kan baki. Don korar tsuntsu ba ya sa harsashi ko ɗaya, ƙara ake so. Daga ƙarshe, sai ya isa inda zai tsaya, ya ja kunama baya, ya ɗora ɗan murfin jan ƙarfen nan da kunamar ke sara. Duk wannan yana yinsa bakinsa yana motsi da bisimilla, ba ya amsa maganar kowa. In an harba kuma ba a sake zuba gari nan take, sai an dakata, don wani lokaci ɗan garwashin tsumma yana maƙalewa a ciki.

Ranar da ya miƙo mini ita a ɗure, hantsi bai yi ba. Ya tsaya a bayana, ya gyara mini ƙafa, ya matsar da kumatuna daga jikin itacen. "Ba a sumbatarta," ya ce. "Riƙe da ƙarfi, ka buɗe baki kaɗan." Tsuntsayen suna can suna gangarowa kan kusurwar gabas. Zuciyata tana bugawa har a wuyana. Na ja.

Abin da na fi tunawa ba ƙarar ba ce. Ɗan tsaikon nan ne, ƙas, sannan wuta. Gindin ya bangaje ni na yi taku ɗaya baya, farin hayaƙi ya rufe mini gona gaba ɗaya, warin farar wuta ya cika mini hanci, na ji ɗaci da gishiri a harshena. Kunnena na dama ya ɗauki wani kuka siriri da bai sake ni ba sai azahar. Da iska ta yaye hayaƙin na ga garken ya tashi ya nausa kudu, yara a rumfunan maƙwabta suna ihu suna kaɗa gwangwani. Hannuna yana rawa, ina dariya ban san dalili ba. Kawu ya karɓi bindigar ya ce, "To, ka ji ta." Iyakar yabon ke nan.

Daga nan na zama mai harbin safe, shi yana can yana jan ruwa da bututu daga kanal zuwa kwami. Da yamma aikin wanki nawa ne, domin tokar da albarushi ke bari tana jan danshi, in ta kwana a ciki tsatsa ce. Matar Kawu takan ɗumama mini ruwa tana mita, in yi ta ɗurawa ina zubarwa, ruwan yana fitowa baƙi ƙirin, sai ya yi fari sannan in busar in shafa mai. Farcena bai sake yin fari ba har na bar garin.

Akwai safiyar da har yanzu in na tuna sai cikina ya ɗaure. An kwana ana ban ruwa, raɓa ta sauka sosai, komai a jiƙe. Kawu ya ɗura ya ba ni, ya koma bakin kanal, bai fi taku ashirin ba. Na ɗaga, na ja kunama. Ƙas. Shiru.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Tsuntsaye suna ci gaba da sauka. Ta gefen idona na hango yara suna rugowa a kan kunya don su ga me ya faru, a gabansu 'yar autar Kawu, ba ta fi shekara shida ba, da ɗan kwanon koko a hannu. Hannuna da kansa yana so ya sauko, idona yana so ya leƙa. Sai na ji muryar Kawu, wata murya da ban san yana da ita ba.

"Kada ka motsa! Riƙe ta a haka! Ku kuma ku tsaya nan, wallahi duk wanda ya ƙara taku sai na karya shi!"

Yaran suka ƙame. Ni ma na ƙame, hannuwa a sama, nauyin yana jan su ƙasa. Ina jin gumi yana bin haƙarƙarina cikin wannan sanyi. Ban san tsawon lokacin ba, numfashi uku ne ko goma. Na ji wani ɗan tsii a kusa da kunnena, siririn hayaƙi ya fito ta gindin kunama, sannan ta tashi. Ta tashi da dukkan ƙarfinta, sama, inda Kawu ya ce in bar ta.

Gwiwoyina suka saki, na zauna a cikin laka. Yarinyar ta fashe da kuka, kokon ya zube. Kawu ya zo ya zare bindigar daga hannuna yatsa bayan yatsa, don na kasa saki. Ya zauna kusa da ni, wandonsa a jiƙe, yana ta "Innalillahi" a hankali. Na ce, "Kawu, ai ba harsashi." Ya dube ni. Ya ce a tazarar nan tsumma da wuta sun isa su cire wa mutum ido, sun isa su buɗe wa yarinya ƙirji. Danshi ne ya shiga garin, wutar ta kama tana ci a ɓoye, tana rarrafe. A ranar na san cewa bindigar da ta ƙi tashi ta fi wadda ta tashi haɗari, kuma ban sake jin daɗin kiran maharbi ba.

Da la'asar Kawu ya ja ni wurin maƙerin da ke duba masa ita, wani tsoho a bayan kasuwa, zaune gaban zugazugi. Ya karɓa ya busa, ya tsokaci 'yar ƙofar wuta da allura, ya ce ta toshe rabi. Da ya miƙo mini ita na lura hannunsa na hagu babu babban yatsa da manuni, wurin ya warke sumul. Ya ga ina kallo, ya ɗaga mini hannun sosai. "Ina saurayi," ya ce. "Na ƙara mata gari don ta fi ta abokina amo." Bututu ne ya fashe.

Duk da haka yarinta ba ta sake ni ba, sai da na tambaye shi ko yana iya ƙera gajera, irin ta kaboyi. Ya ajiye guduma. "Yaro, doguwa kowa yana ganinta tun daga nesa, ya san da zuwanka. Gajera ta mai ɓoyo ce. Me za ka ɓoye?" Kawu bai sa baki ba, amma a hanya ya ce kada in sake irin wannan magana a gaban mutane. Zamanin ba na wasa ba ne: dokar soja ta 1984 kan fashi da makami tana aiki, ana ɗaure 'yan fashi a jikin durom a harbe su a bainar jama'a. Dokar bindigogi ta Najeriya, ta 1959, ita ma ta raba su kamar yadda tsohon ya raba. Doguwar da ake ɗurawa ta baki tana rukuni mai sauƙi, gajera kuwa, ko da ta albarushi ce, tana cikin haramtattun makamai tare da bindigogin soja. Kawu yana da takardar izinin tasa, a naɗe cikin gwangwanin madara tare da rasit ɗin kuɗin ruwa.

Mun girbe alkama a watan Maris, ta yi kyau, ya biya bashinsa ya saya wa matarsa keken ɗinki, ni kuma ya ba ni kuɗin da na fara zuwa makarantar gaba da su. A farkon shekarun 1990 aka ɗage haramcin shigo da alkama, kasuwarta ta faɗi, mutane suka koma tumatir da albasa da shinkafa. Ban sake harba bindiga ba tun daga wannan rani.

Amma akwai abin da ta bar mini a jiki. Na san tsawon lokacin da ke tsakanin harbi da harbi. A auna, a zuba, a cusa, a danna, a ɗana, da hannun da ba ya rawa, da rana tsaka, ba mai bin ka. Shi ya sa duk lokacin da na ga hoton 'yan sa-kai a ƙauyukan Zamfara ko Katsina ko Birnin Gwari, sun yi layi da bindigogin toka a kafaɗa, da layu a damtse, za su tari mutanen da ke riƙe da AK-47 mai cin harsashi talatin a zubi ɗaya, ba jarumtarsu nake fara gani ba, ko da yake jarumai ne. Hannuwansu nake kallo. Ina tunanin mutum cikin duhu, ya saki harbinsa guda ɗaya tilo, hayaƙin ya nuna inda yake, yana laluben tandu. Ina tunanin daren damina da garin ya sha danshi. Abin yana ƙona mini rai cewa an bar manomi ya tsare iyalinsa da kayan korar jan-baki, kuma duk mai cewa ai sun iya kare kansu, na tabbata bai taɓa ɗura ta ba.

Kawu ya rasu shekarun baya, Allah ya jiƙansa. Bindigar ta zauna a lungun ɗakin. Kwanaki babban ɗansa ya kira ni, ya ce ɓarayin injin ban ruwa sun addabe su, samarin unguwa sun kafa sintiri, sun zo aron ta Baba. Yana so ya ji ta bakina tunda ni na taɓa riƙe ta. Na ce kada ya ba kowa sai na zo.

Na je ranar Asabar. Tsohon maƙerin ya daɗe da rasuwa, jikansa ne a wurin, yanzu walda ya fi yi da gyaran garmar shanu. Ya cire tsumman bakin, ya haska fitilar waya a ciki, ya ƙwanƙwasa bututun da ƙusa daga sama har ƙasa yana kasa kunne. Kusa da gindi amon ya mutu. Ya kankare wurin da wuƙa, tsatsa ta zubo, ƙarfen ya lotsa a ƙarƙashin yatsansa.

"Alhaji, wannan in aka ɗura mata, mai riƙe da ita za ta fara ci."

Shugaban samarin yana tsaye, yaro ne mai hankali, bai wuce shekarun da nake da su a wancan rani ba. Ya ce ko ba za a harba ba a ba su su riƙa ratayawa, ɓarawo ya gani ya ji tsoro. Na ce masa ɓarawon da ya ga bindiga a kafaɗarka ba zai tambaye ka ko tana tashi ba, da tasa zai fara. Muka daɗe muna magana. A ƙarshe ni da ɗan Kawu muka haɗa kuɗi aka sayo musu manyan tocila da usur, muka raka su wurin mai unguwa don a rubuta sunayensu a kai wa 'yan sanda. Maƙerin ya kwance kunamar ya ba ɗan Kawu, ya toshe bututun da walda, ya karɓi kuɗin aikinsa.